Gishiri, Hawan Jini da Zufar Ɗan Wasa a Zafin Sakkwato

Magana biyu ce take rikita masu motsa jiki a Sakkwato. Likita ya ce a rage gishiri saboda hawan jini, mai horar da 'yan ƙwallo kuma ya ce zufa tana kwashe gishirin jiki, dole a mayar da shi. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Gishiri nawa ya kamata babban mutum ya ci a rana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5, wato kwatankwacin cokalin shayi guda a shafe, ba a cike da tozo ba. Lissafin ya haɗa duk abin da ya shiga baki daga karin kumallo zuwa tuwon dare. A ƙiyasin hukumar, abin da mutanen duniya suke ci a matsakaici ya haura giram 10, ninki biyu ke nan. Ainihin abin da ake gudu a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, wanda ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Idan ka ga adadin sodiyam a jikin leda ko gwangwani, ka ninka shi sau biyu da rabi, ka sami gishirin.

Ni ba na barbaɗa gishiri a abinci. Ta ina zai yi mini yawa?

Ta tukunya. A Turai da Amurka yawancin gishirin yana zuwa ne daga abincin kamfani, amma mu namu a kicin ake zuba shi. Dubi miyar kuka guda ɗaya: an sa gishiri, an murmushe dunƙulen magi uku ko huɗu, an ƙara farin magi, an jefa kanwa don yauƙi. Abu huɗu ke nan, kuma kowanne sodiyam ne. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne, shi ya sa mai cewa "na daina gishiri, magi kawai nake sa wa" bai daina komai ba.

Sai kuma na waje. Yajin tsire da balangu an daka shi da gishiri da magi. Kilishi haka. Burodin mai shayi yana da gishiri ko da harshe bai ji ba, ga taliyar leda da ɗan ƙullin garinta, ga kifin gwangwani. Saurayin da ya karya da shayi da burodi, ya ci shinkafa da wake da yaji da rana, ya tsaya wajen mai nama bayan isha'i, ya wuce cokalin nan guda tun kafin la'asar. Wannan ba ƙarin gishiri ba ne a magana.

Me yake yi wa jiki har ake tsoronsa haka?

Sodiyam yana riƙe ruwa. In ya yi yawa, ruwan da ke cikin jijiyoyin jini yana ƙaruwa, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, awon jini ya hau. Idan awon ya zauna a 140 bisa 90 ko sama da haka, an shiga hawan jini. Shekara da shekaru yana cin jijiyoyi a ɓoye, sai ranar da ya fito da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko kumburin zuciya. Sau da yawa babu ciwon kai, babu jiri. Bincike ya kuma nuna cewa baƙar fata, da tsofaffi, da masu ciwon suga ko na ƙoda, jininsu ya fi saurin hawa da gishiri.

Kanwa ma tana cikin lissafi?

Ƙwarai kuwa. Kanwa ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, amma cike take da sodiyam. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Daga baya an gano akwai wasu dalilan, amma mai jegon da take da hawan jini ko kumburin ƙafa ba ta da abin yi da kunun kanwa.

To ni da nake atisaye kullum a filin Giginya, ina zufa kamar an watsa mini ruwa, ni ma in rage?

A nan ne maganar take rabuwa. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kuma ɗan ƙwallo ko ɗan dambe yana iya zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a cikin awa guda. A ƙiyasi, kowace lita tana fita da kimanin giram 1 na sodiyam, ko da yake mutane sun bambanta ƙwarai: wani rigarsa tana bushewa da farin zane kamar an shafa alli, wani kuma ko alama babu. Saboda haka wanda ya yi awa biyu yana gudu a rana tsaka yana iya zubar da gishirin da ya kai ko ya wuce na yini guda. Irin wannan bai kamata ya koma cin abinci lami ba.

Amma a yi hankali, domin mu nawa ne a wannan sahun? Wanda yake zagaya fili minti talatin bayan asuba, ko yake ɗaga ƙarfe awa guda a inuwa, ruwa ya ishe shi, abincin gida kuma ya riga ya biya abin da ya fita har da canji. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: jikin da ya saba da zafi yana koyon tattalin gishiri. Bayan kamar mako biyu ana atisaye a zafi, zufar tana ƙaruwa amma gishirin cikinta yana raguwa. Basakkwacen da ya tashi a wannan rana ba ɗaya yake da baƙon da ya sauka daga Jos jiya ba.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da atisaye hujja. Mutum ya yi gudun awa guda, ya ce ai ya zubar, ya zauna ya cinye tsire da yaji tuli. Motsa jiki yana saukar da awon jini, gaskiya ne, amma ba ya goge gishirin da aka ci fiye da kima. Akwai 'yan wasa majiya ƙarfi masu hawan jini ba su sani ba.

Ta yaya zan san abin da na zubar?

Hau sikeli kafin atisaye, ka sake hawa bayan ka gama ka goge jiki. Kowane kilo da ya ragu kimanin lita ɗaya ce ta zufa, sai ka haɗa da ruwan da ka sha a tsakani. Idan atisayen ya wuce awa ɗaya da rabi a zafi, ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa yana aiki: lita guda ta ruwa mai tsafta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Kada kuma a ɗirki ruwa zalla ba lissafi a doguwar tsere, domin yana iya tsinka sodiyam ɗin jini har mutum ya rikice ko ya suma. Wanda yake shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, ya ga likitansa kafin ya fara wannan haɗin.

Ɗaurewar tsoka ba rashin gishiri ba ne?

Wani lokaci yana da hannu, ga mai zufa da yawa. Amma gajiyar tsoka ce ta fi kawo shi, shi ya sa yake kama 'yan ƙwallo a ƙarshen wasa, ba a farko ba.

Yaya za a rage ba tare da maigida ya ture kwano ba?

A hankali. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har a kai ga miyar da ya saba ci ta riƙa yi masa zau. Uwargida ta fara da cire dunƙule ɗaya, bayan mako biyu ta rage gishirin. Mu da Allah ya ba albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo ba mu da uzurin miya marar daɗi. Daddawa, citta, kanumfari, masoro, attarugu, tsamiya da lemon tsami duk suna tayar da ɗanɗano. A daka yaji a gida da gishiri kaɗan. Zogale, alayyafo, wake, dankali da ayaba suna da sinadarin fotasiyam, wanda yake taimaka wa ƙoda fitar da sodiyam.

An ce akwai gishirin masu hawan jini?

Akwai, an maye gurbin wani ɓangare na sodiyam ɗinsa da fotasiyam. Wani babban bincike a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Sai dai haɗari ne ga mai ciwon ƙoda da masu shan wasu magungunan hawan jini, don haka a tambayi likita tukuna. Ɗan gishirin da za a ci kuma ya kasance mai sinadarin aidin, na cikin leda, saboda kariya daga maƙoƙo da kuma lafiyar ƙwaƙwalwar yara. A ajiye shi a rufe, nesa da murhu.