Waiwaye: Yadda Tsagar Dutse Ke Juya Akalar Haƙar Gas

Tun da aka samu mai a Masjid Sulaiman da ke Iran a 1908, masu haƙa suka ci karo da abin ɗaure kai. In aka ɗauko guntun dutsen farar ƙasa na Asmari, wato shimfiɗar dutsen da man ke ciki, aka gwada shi, da ƙyar ruwa ke ratsa shi, amma rijiyoyin da aka haƙa a cikinsa sai ambaliya suke. Sirrin yana cikin tsagogi. Matsewar da ta tayar da tsaunukan Zagros ta lanƙwasa shimfiɗun dutse, kuma dutse mai tauri in ya lanƙwashe sai ya tsattsage, galibi inda lanƙwasar ta fi tsanani.

Da aka zo kan iskar gas, labarin bai sauya ba. An gan shi a Turner Valley ta Kanada a 1924, sannan a Lak ta Faransa a 1951, inda gas ɗin ke ƙasa da zurfin da ya haura mita 3,000. Rijiyoyi biyu na iya zama maƙwabta, ɗaya tana tumbatsa, ɗayar ko abin kirki babu.

Sai a 1960 Barenblatt da abokan aikinsa a Tarayyar Sobiyet suka bayyana lamarin da lissafi, Warren da Root kuma suka sauƙaƙa shi ga injiniyoyi a 1963. Ma'anarsa ita ce dutsen yana da gida biyu: ƙananan hujojin jikinsa su ne ma'ajiya, tsagogin kuma hanya. Gas na tsiyayowa a hankali daga ma'ajiyar, ya faɗa hanyar, ya ruga rijiya. Faɗin tsagar ma ba ƙaramin abu ba ne, domin in ya ninka sau biyu, abin da ke wucewa na iya ninkawa sau takwas. Shi ya sa rijiya kan fara da ƙarfi sannan ta yi sanyi: tsagogin sun zazzage abin da ke cikinsu, dutsen kuma bai iya cika su da sauri.

Abin da na fi ganin ya kamata a riƙe shi ne batun ruwa. Hanyar da gas ke bi, ita ruwan ƙasa ke bi. A filin Beaver River na arewacin Kanada, ruwa ya hauro ta tsagogi a shekarun 1970, ya shaƙe rijiyoyin alhali gas mai yawa na nan a kulle cikin dutse. Zuƙo gas da gaggawa na jawo irin wannan asarar.

Daga shekarun 1980 aka yawaita amfani da na'urorin da ke ɗaukar hoton bangon rijiya, ana ganin inda kowace tsaga ta dosa, da wadda take buɗe da wadda ma'adinin kalsait ya toshe. Da wannan ne ake karkatar da rijiya ta kwanta, ta ratsa tsagogi masu yawa, nesa da inda ruwan yake.