Dajin Falgore

Dajin Falgore gandun daji ne a kudancin jihar Kano, kusan kilomita 150 daga birni, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, girmansa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Turawan mulkin mallaka ne suka fara killace shi a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka maida shi gandun namun daji. Duk wanda ya taɓa bin titin Kano zuwa Jos ta Tudun Wada to ya keta ta cikinsa. A 2020 gwamnatin tarayya ta saka shi cikin sabbin gandayen ƙasa 10 da ta amince da su, tare da Baturiya ta Jigawa.

Itatuwansa irin na ƙasar da ta fi samun ruwan sama ne, akwai doka da maje da marke da maɗaci da kaɗanya da taura da ƙirya. Namun daji kuwa sun ragu sosai, gwaggon biri da gada da zabin daji su aka fi ambata yanzu.

Abinda mutane da yawa basu lura da shi ba shine Kogin Kano ta cikin dajin nan yake bi kafin ya zuba a dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, kuma da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, kaga kenan in aka aske itatuwan bakin kogi ruwan sama zai dinga kwasar yashi da laka yana jibgewa a dam, mai shinkafa da tumatir a Kura da ko hanyar Falgore bai sani ba shima sai ya ji a jikinsa.

Babbar ɓarna ita ce gawayi. Ƙirya aka fi farauta saboda gawayinta na daɗewa yana ci, maƙera sun san haka tun kaka da kakanni, amma fa bata girma da wuri, wadda aka kayar da safiya ɗaya sai yaro ya zama magidanci wata bata maye gurbinta ba. Sai ƙunar daji da kaka, wani saboda gafiya ɗaya zai cinna wuta ta cinye tsiro da ƙwan tsuntsaye har da amyar zuma. Ga masu magani da ke ɓare maɗaci zagaye guda, shikenan ya bushe a tsaye. Ɓarayin shanu ma sun taɓa maida dajin maɓoya, har sojoji suka kafa filin atisaye a ciki a 2017.

Malaman daji basu da yawan da za su tsare wannan faɗi, shi yasa aikin yake komawa kan dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo da sarakunan baka, su ne suka san wa ya shiga da gatari da daddare. Wayar da kai kuwa ta fi shiga ta rediyo da huɗubar Juma'a, musamman hadisin nan da ya ce duk musulmin da ya dasa bishiya mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Ana koya wa manoma su bar tohon itace in suna sassabe, masu magani su ɗebi ɓawo ta gefe ɗaya kawai, mata kuma murhu mai tsimin itace. Dashen da ake yi da damina dai galibi awaki ne ke gamawa da shi in ba a yi masa shingen ƙaya ba.