Mene ne Kathak?

Kathak ɗaya ce daga cikin raye-rayen gargajiya takwas da hukumar Sangeet Natak Akademi ta Indiya ta amince da su, kuma ita ce ta arewacin ƙasar. Masu kallon finafinan Indiya sun sha ganin ɓurɓushinta: mai rawa a tsaye cak, ƙafafu na dukan ƙasa, sai juyi kamar ba za a tsaya ba. Asalinta daga masu ba da labarin addinin Hindu ne a wuraren bauta, daga baya ta shiga fadojin sarakunan Musulmi. A fadar Wajid Ali Shah na Lakno, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1856, ta samu gata sosai. Manyan gidajen koyar da ita uku ne, ana kiran kowanne gharana: Lakno da Jaipur da Banaras.

Abin da fim ba ya nunawa shi ne lissafi. Mai rawar Kathak makaɗi ne da ƙafa. Yana naɗa wa idon sawunsa igiya mai ɗauke da ƙananan ƙararrawa na tagulla, ghungroo, kusan aikin da akayau ke yi wa masu rawa a ƙasar Hausa. Ɗan koyo kan fara da 25 zuwa 50 a kowace ƙafa, gwani kuwa ɗari ko fiye. Idan ɗaurin ya yi sako-sako, ƙarar takan zo bayan bugun ƙafa, igiyar kuma ta goge fata. Idan ya matse da yawa, ƙafa ta yi sanyi.

Darasin farko sunansa tatkar. Ana furta "ta thei thei tat, aa thei thei tat", ƙafa na bi: dama, hagu, dama, hagu, sannan hagu, dama, hagu, dama. Ana sauke tafin ƙafa gaba ɗaya, gwiwa a ɗan sake, ba a ɗaga ƙafa sama. Wanda ya ƙame gwiwa, nauyin bugun a gwiwar da ƙugu zai sauka, ciwo ya biyo baya. Idan ƙafa ta zauna, sai a ninka saurin sau biyu, sannan sau huɗu, alhali kiɗan bai canja ba. A nan yawancin 'yan koyo ke faɗuwa, domin garin ninkawa sai su wuce makaɗi.

Kiɗan da aka fi rawa a kai shi ne tintal, mai bugu 16 da aka kasa huɗu-huɗu. Ana tafi a bugu na 1 da na 5 da na 13, a na 9 kuma a juya hannu ba tafi. Bugu na farko shi ne sam, kuma duk abin da mai rawa ya ƙulla dole ya warware a kansa daidai da mai ganga tabla. Hanyar sauka a sam ita ce tihai, wato maimaita salo ɗaya sau uku. Misali, salo mai bugu biyar da hutun bugu ɗaya a tsakani: 5 da 1 da 5 da 1 da 5 sun ba da 17. An fara a sam, an cinye 16, bugun ƙarshe ya faɗa kan sam na gaba. A tsawaita hutun da rabin bugu kawai, sai a iso bayan makaɗi, kuma 'yan kallon da ke ƙirga da yatsu sun riga sun ji.

Juyin, chakkar, a kan dunduniyar hagu ake yinsa. Ana kafa ido a wuri ɗaya, kai ya riga jiki dawowa, shi ke rage jiri. Sai ɓangaren nuna labari da fuska da hannu, abhinaya, wanda shi ya fi daɗewa kafin ya nuna a jikin mai koyo.

Rayuwar shahararren mai rawar Kathak Birju Maharaj, wanda aka haifa a 1938 ya rasu a 2022, ta nuna yadda sana'ar take. Ɗan gidan Lakno ne, ya koya wurin mahaifinsa Achhan Maharaj da baffanninsa Shambhu da Lachhu. Mahaifin ya rasu yana ɗan shekara tara, yana da 13 ya fara koyarwa a Delhi. Ya daɗe a makarantar Kathak Kendra har 1998, sannan ya buɗe tasa, Kalashram. Ya samu lambar girmamawa ta Padma Vibhushan a 1986, ya kuma tsara rawa a wasu finafinai.

Tsara rawa aiki ne dabam da yin ta. Da can Kathak rawar mutum ɗaya ce, yana ƙirƙira nan take shi da makaɗinsa. Birju Maharaj da Kumudini Lakhia ta birnin Ahmedabad na cikin waɗanda suka mayar da ita ta rukuni. Mai tsarawa zai yanke wa kowa wurin tsayuwa da yawan juyi da bugun da zai shigo, domin mutum goma masu ƙararrawa, idan ɗaya ya makara, ƙarar duka ta dagule.