Tsutsar ciki a dabbobi: tambayoyin masu kiwon gida a Kano

Da zarar damina ta kankama a Kano, korafin masu kiwo kusan iri ɗaya ne: ana ba tunkiya dusa da harawa, tana ci, amma kullum sai ƙara ramewa take yi. Galibi tsutsar ciki ce. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Na duba kashin ragona ban ga tsutsa ko ɗaya ba. Ta yaya za a ce tsutsa ke damunsa?

A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Wadda ake gani a kashi, fara mai kama da ƙwayar shinkafa, guntayen wata doguwar tsutsa ce mai faɗi, kuma ɓarnarta kaɗan ce, sai dai a 'ya'yan dabbobi. Mai kisan ba ta fitowa. Likitocin dabbobi suna kiranta Haemonchus, tana zaune a ɓangaren tumbi na huɗu, wanda daga shi sai hanji. Tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, siririya kamar gashi. Idan mahauci ya tsaga wannan wuri, za ka ga macen da ratsin ja da fari a murɗe. Jan nan jinin dabbar ne. Rago mai ɗauke da guda 5,000 yana iya asarar kwatan lita na jini a rana, wato rabin ledar fiya wata. Wace dusa ce za ta mayar da wannan? Abin da ke fita a kashi ƙwai ne, kuma sai da madubin likita ake ganinsa.

To yaya zan gane?

Ka kama dabbar, ka fito da ita haske, ka ja fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa. Idan cikin ja ne jawur, da sauƙi. Idan ya koɗe ya yi fari-fari kamar takarda, jini ya yi ƙasa sosai, kada a kwana ba a nemi magani ba. A Afirka ta Kudu har kati aka yi mai launi 5, ana kiransa FAMACHA, ana kara shi da idon tunkiya ko akuya don a san wadda za a ba magani da wadda za a ƙyale. Sauran alamu su ne kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa kamar an ɗura ruwa, gashi ya tashi ya daina sheƙi, dabba ta riƙa zama a bayan garke. Zawo kan zo da wasu nau'o'in tsutsar hanji, amma Haemonchus tana iya kashe akuya kashinta na nan lafiya ƙalau. Idan kuwa zawon ya haɗu da majina da zazzaɓi da gyambon baki, ya kuma kama awaki da yawa lokaci guda, wannan wata annoba ce daban, maganin tsutsa ba zai yi komai ba.

Dabbobina a turke suke, ba sa fita kiwo. Ina suka samo ta?

Daga ɗanyar ciyawar da ake sayowa, musamman wadda aka yanko a bakin kududdufi ko filin da garke ke kiwo. Macen tsutsa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a rana. Idan da danshi da ɗumi, cikin kamar mako guda ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su hau ciyawa, dabba ta haɗiye su, bayan mako 3 su ma sun fara zuba nasu ƙwan. Shi ya sa Yuli zuwa Satumba ne lokacin da abin ya fi tsanani. Shanya ciyawa ta bushe yana rage su ƙwarai. Wata hanyar kamuwa kuma ita ce zuba abinci a ƙasa inda dabba ke kashi, ko kawo sabon rago daga Wudil ko Ɗambatta a haɗa shi da na gida ran nan. A ware shi, a ba shi magani tukuna.

Da rani fa, tun da rana ta ƙone komai?

A ƙasa sun mutu, amma a cikin ciki wasu 'ya'yan sukan lafe a jikin tumbi, su daina girma har sai damina ta kusa. Don haka bayar da magani a ƙarshen damina da kuma farkonta yana da ma'ana.

Shanu ma haka abin yake?

Manyan shanu sun fi juriya, maruƙa ne ke shan wahala. Akwai wata doguwar tsutsa fara da maraƙi ke samu ta nonon uwarsa tun yana ɗan makonni. Shanun da ke kiwo a fadama da wuraren noman rani irin na Kura da Kadawa kuma su ne ke haɗuwa da tsutsar hanta, wadda ke bi ta jikin ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa. A tsakanin ƙananan dabbobi kuwa akuya ta fi tunkiya rauni, domin asalinta mai cin ganyen sama ce, jikinta bai saba yaƙi da tsutsar ƙasa ba.

Wane magani ya fi?

Waɗanda suka fi yawa a shagunan magungunan dabbobi su ne albendazole, levamisole da ivermectin. Kowanne da iyakarsa. Ivermectin ba ya kashe tsutsar hanta ko mai faɗin nan. Albendazole ba a ba tunkiya ko akuya a farkon ciki, yana iya lalata ɗan tayi. Levamisole kuwa idan ya yi yawa guba ne, musamman ga akuya.

Amma a ganina matsalarmu ba zaɓin magani ba ce, yadda muke bayar da shi ne. Mutum ya sayi ƙwaya ɗaya ya raba wa awaki 3 don tsimi. Raunanan tsutsotsi su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, bayan 'yan shekaru maganin ya zama kamar alli. Ana auna magani ne da nauyin dabba, kuma akuya tana buƙatar fiye da tunkiya mai nauyinta, don jikinta na saurin fitar da shi. Wannan lissafin na likita ne. A je asibitin dabbobi, in da hali a tafi da ɗan kashi sabo a leda a duba.

Kanwa da ɓawon maɗaci fa?

Kanwa tana buɗe wa dabba ciki ta ci abinci, amma ba ta kashe tsutsa. Maɗaci makiyaya sun daɗe suna jiƙa shi, sai dai babu ma'auni tsayayye, kuma dabbar da idonta ya riga ya yi fari ba ta da kwanakin da za a yi gwaji a kanta.

Na turke ragon layya. Yaushe zan ba shi magani?

Ranar da ka kawo shi, ba ana gobe Salla ba. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta, a rubuce suke a jikin kwalba ko kwali. Na allurar ivermectin yakan kai wata guda ko fiye, don haka idan Salla ta rage mako 2, ka gaya wa likita ya zaɓa maka wani.