Dollar General

Dollar General kamfanin kantunan sauƙi ne na ƙasar Amurka, hedikwatarsa tana garin Goodlettsville a jihar Tennessee. J.L. Turner da ɗansa Cal Turner ne suka kafa shi a 1939 a Scottsville da ke jihar Kentucky, suka fara da sarin kaya. A 1955 suka buɗe kanti na farko mai wannan suna a Springfield, shi ma a jihar Kentucky, inda babu kayan da kuɗinsa ya wuce dala 1. Yanzu rassansa sun haura 20,000 a jihohi 48, kuma ya tsallaka Meziko a 2023.

Karkara ce jarinsa na gaskiya. Kusan kashi 80 cikin 100 na rassan suna garuruwan da mutanensu ba su wuce 20,000 ba, wuraren da manyan kantuna irin Walmart ba sa ganin ribar zuwa. Kantin ƙarami ne, ma'aikata kaɗan, haya mai sauƙi. Mafi yawan cinikin na kayan masarufi ne: abincin gwangwani, madara, sabulu, omo. Ana sayar da su a ƙananan mazubai domin mai ɗan kuɗi a hannu ya iya saya. Duk wanda ya saba sayen ƙullin sukari wajen mai tebur a ƙauyukan Ringim ko Gaya ya san lissafin: ƙulli ya fi sauƙin saye, amma in aka tara shi ya kai mudu, an biya fiye da wanda ya auna mudun a kasuwa. Wannan ne babban abin da ake sukar kamfanin da shi, kuma sukar tana da tushe, domin talaka ne ke biyan bambancin. Ƙarancin ma'aikata ma ya jawo masa matsala. A Yulin 2024 ya amince ya biya hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka dala miliyan 12, saboda kaya da ake jibgewa suna toshe ƙofofin fita.

Kamfanin ya fara sayar wa jama'a hannun jarinsa a 1968. A 2007 kamfanin zuba jari na KKR ya saye shi kan kimanin dala biliyan 7, sannan ya mayar da shi kasuwar hannun jari ta New York a Nuwamban 2009, kowane hannu kan dala 21. Farashin ya yi ta hawa har ya haura dala 250 a 2022.

Daga nan tsadar rayuwa ta taɓa masu sayen kaya a kantunansa. Ranar 29 ga Agustan 2024 kamfanin ya rage hasashen ribarsa, shugabansa Todd Vasos ya bayyana cewa kuɗin abokan cinikinsu na ƙarewa kafin ƙarshen wata. A yini ɗaya hannun jarin ya zube da kusan kashi 32 cikin 100. Duk da haka cinikin shekarar ya haura dala biliyan 40, sai dai ya karkata ga kayan masarufi masu ƙaramar riba, mutane sun rage sayen tufafi da kayan ɗaki.