Kafin ki ce yaronki kunnen ƙashi gare shi

A Hausa, cikin hanyoyin da jiki ke sanin abin da ke kewaye da shi, gani kaɗai ke da sunansa daban. Sauran duk "ji" muke cewa: a ji ƙara, a ji ƙamshi, a ji ɗaci, a ji zafin wuta. Shi ya sa sai an ware wa yaro su ɗaya bayan ɗaya kafin ya gane. Kunne ke jin carar zakara, hanci ke jin daddawa a tukunya, harshe ke jin tsamin tsamiya, fata ke jin sanyin randa.

Wannan karatu ba sai da littafi ba, madafinki ya isa. Ki ɗaure wa ɗan shekara 3 ko 4 ido da ɗankwali, ki kusanto masa da citta, kanumfari da albasa, ya faɗi sunan kowanne. Ki sa masa auduga a hannu ɗaya, tsakuwa a ɗayan. Ki ɗanɗana masa gishiri kaɗan, sannan lemun tsami. Ban da barkono, kuma jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma. Daga nan sai ki zagaya bayansa, ki ƙwanƙwasa ludayi a ƙwarya, ki tambaye shi ta ina ƙarar ta fito.

Wannan na ƙarshe shi na fi so ki riƙe da muhimmanci. An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara 5 a ɗakin shan magani saboda zazzaɓi. Kakarsa ta ce, "'Yar nan, ga shi da kunnen ƙashi, sai an kira shi sau uku." Da na ɗaga hularsa, sai ga mugunya ta bushe a gefen wuyan rigarsa. Watanni kunnen yana ruwa, ana ɗiga masa manja, ana kuma dukansa wai ya raina manya. Har yau abin yana cikin raina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. A wajenmu sanƙarau, ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa suna cikin manyan masu jawo ta. Ƙyanda kuma, idan ta haɗu da ƙarancin bitamin A, tana makantarwa. Rigakafinta ana yi a wata 9, a maimaita a wata 15, sannan ana ɗiga wa yara bitamin A duk bayan wata 6, daga wata 6 har su kai shekara 5.

Ki lura da jaririnki tun yana goye. Ya kamata ya zabura idan ƙofa ta bugu, ya riƙa bin fuskarki da ido kafin wata 3, ya waiwayo wajen sauti a wata 6. Idan ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, kada a tsaya kan "babansa ma bai yi magana da wuri ba". Idan yana laluben bango da magariba, ko kika ga fari a tsakiyar ƙwayar idonsa, ki kawo shi asibiti a makon nan. Kada a sa masa gashin kaza ko tsinken ashana a kunne, kada a matsa masa nono a ido. Abin da ya fi ƙarfinmu za mu tura ku gaba, har zuwa cibiyar kunne ko cibiyar ido ta ƙasa, dukansu a Kaduna suke. Ki taho da katin rigakafinsa.