Waiwaye: Yadda ɗan kwikwiyo ya zama amfanin gona a Amurka

Tun da dokar jihar New York ta fara aiki a Disambar 2024, wadda ta hana kantuna sayar da karnuka da kyanwoyi da zomaye, muhawara ta sake zafi a Amurka. Masu kare haƙƙin dabbobi na cewa duk mai son kare ya je matsugunin dabbobin da aka yasar ya ɗauko, masu kantuna kuma na kukan an kashe musu sana'a. Jihar Kalifoniya ta hana irin wannan ciniki tun 2019, Ingila ta kafa makamanciyar dokar a 2020, Faransa a 2024.

Maganar ta daɗe. Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana cin zalin dabbobi ta ASPCA a New York a 1866, dokar tarayya ta kula da dabbobi ta zo a 1966, kuma a shekarun 1970 miliyoyin karnuka da kyanwoyi ake kashewa duk shekara a matsugunai don ba mai ɗauka.

Wurin da ba a cika tsayawa ba shi ne shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙananan manoma a jihohin tsakiyar ƙasar, irin su Missouri da Kansas da Iowa, noma ya daina riƙe su, a daidai lokacin da iyalai ke ƙaura zuwa sabbin unguwannin bayan gari, kowa na son kare mai asali a tsakar gida. Sai manomi ya duba abin da ke hannunsa: akurkin kaji da kejin zomo. Nan ya zuba karnuka, ya kuma kiwata su da lissafin da ya saba, wato abinci kaɗan, haihuwa da yawa. Karya ta haihu, a janye 'ya'yan, a sake haɗa ta, ƙafafunta a kan ragar waya har ƙarfinta ya ƙare.

Ni a ganina, abin da ya fi ɓata lamarin shi ne shigowar dillali. Shi ke bin gonaki yana tara 'yan kwikwiyo, ya loda su a mota zuwa kantunan birane masu nisan ɗaruruwan kilomita. Mai saye yana ganin ɗan kwikwiyo fes a bayan gilashi, bai taɓa ganin uwar ba, bai kuma san inda take kwana ba. Wanda ya taɓa sayen akuya a kasuwa ya san amfanin tambayar daga wane gida ta fito. A nan an toshe hanyar tambayar gaba ɗaya. Abin tausayi, wanda aka saya cikin ɗoki, in ya girma ya gundiri masu shi, sau da yawa matsuguni ake kai shi.

Gyaran da aka yi wa dokar tarayya a 1970 ya wajabta wa masu kiwo don sari neman lasisi, amma bai taɓa masu sayarwa kai tsaye ga jama'a ba. Da intanet ta zo, cinikin ya koma can, hoto ya maye gurbin gilashi. Sai a 2013 aka sa masu sayar da kare ba tare da mai saye ya gan shi ido da ido ba su ma su nemi lasisi.